Kafin a cire yara daga makarantar gwamnati a garin da ke farfaɗowa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyayen da bala'i ya tarwatsa garinsu, yaƙi ne ko ambaliya ko girgizar ƙasa, suka dawo suna ƙoƙarin tsayawa da ƙafafunsu, sai ga sabon zango ya same su da tambayar inda za a kai yara: makarantar gwamnati ko ta kuɗi? Koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, kuma wannan tambayar ta fi kowace yawan zuwa mini.

Na san abin da ido ke gani. Makarantar kuɗi ce kan riga buɗewa, don mai ita ba ya jiran kasafin kuɗi ko sa hannun wani babba. Ya kama hayar gida, ya shafa fenti, ya kafa allon suna, shi ke nan. Ta gwamnati kuwa a cikinta aka tsugunar da waɗanda suka rasa matsuguni wata da watanni. Bencina sun zama itacen girki, rajistocin shekaru sun jiƙe sun manne da juna, shatin inda ruwa ya tsaya yana nan a jikin bango. Uwar da ta leƙa duka biyun ta ɗebi 'ya'yanta zuwa mai fenti, wallahi ban ga laifinta ba.

Abin da nake so ta duba kafin ta biya shi ne malamai. Yaron da ya ga abin da ya gani ba ya dawowa aji yadda ya bar shi. Na koyar da yarinyar da hadari na haɗowa sai ta tattara littattafanta ta tsaya bakin ƙofa, jikinta na rawa. Na ga ɗan aji huɗu da ya manta haɗa baƙi, yana rufe littafinsa da hannu don kar na kusa da shi ya gani. Irin waɗannan suna bukatar malamin da ya san su tun kafin abin ya faru, ya san wa ya rasa uba, wa ke kwana gidan dangi, kuma zai kasance nan zango mai zuwa. Don haka duk makarantar da kuka je, ku tambayi hedimasta: malamai nawa ne suka kai shekara uku a nan? Ana biyan su a kan kari? Ana gwada yaro a fara masa daga inda ya tsaya, ko shekarunsa kawai ake dubawa a jefa shi aji? A ta kuɗi ku ƙara da tambaya biyu: ginin nasu ne ko haya, kuma me ake yi wa yaron da ubansa ya kasa cika kuɗi a tsakiyar zango? A garin da sana'o'i ba su gama dawowa ba, wannan ta ƙarshen za ta iya faɗawa kan kowa, kuma korar yaro daga aji a gaban 'yan uwansa wani gudun hijira ne na biyu.

Akwai garin da aka gwada duk wannan a idon duniya, wato New Orleans ta Amurka. Guguwar Katrina ta afka mata ranar 29 ga Agustan 2005, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin. Cikin Nuwamban shekarar majalisar jihar Louisiana ta karɓe makarantu fiye da 100 daga hannun hukumar ilimin birnin, aka sallami ma'aikata sama da 7,000, da yawansu tsofaffin malamai baƙar fata 'yan garin. Sannu a hankali aka danƙa makarantun ga ƙungiyoyi bisa yarjejeniya: gwamnati ke biya, yaro ba ya biyan ko kwabo, wadda ta kasa a karɓe ta. Masu bincike na Jami'ar Tulane sun gano cewa sakamakon jarrabawa ya ɗaga, masu kammala sakandare sun ƙaru, amma fa kuɗin da ake kashewa kan kowane ɗalibi ma ya ƙaru. Ni abin da ke ci mini rai shi ne malaman nan da aka sallama, a daidai lokacin da yara suka fi bukatar fuskar da suka sani.

A New Orleans ɗin kuma aka fara biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin makarantu masu zaman kansu a 2008, aka faɗaɗa shirin zuwa duk jihar Louisiana a 2012. Inda masu nema suka fi gurbi yawa sai a jefa ƙuri'a, wannan ya ba masana damar kwatanta waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba. Sai aka tarar yaran da suka samu shiga makarantun kuɗin sun koma baya a lissafi, koma baya mai yawa, musamman a shekarar farko. Da aka duba, yawancin makarantun da suka shiga shirin masu arha ne waɗanda dama ɗalibansu ke raguwa. Iyayen yaran nan sun yi murnar ƙuri'ar ta faɗa kansu. Sunan "makarantar kuɗi" kaɗai suka gani.

Sauran maganata da masu hali nake, waɗanda ake jin muryarsu. Hukuma da ƙirga kai take aiki. Yawan yaran da ke rajista shi ke yanke malamai nawa za a turo, ajujuwa nawa za a gyara, wace makaranta za a rufe a haɗe ta da wata. Bayan girgizar ƙasar da ta kashe mutum 185 a Christchurch ta New Zealand a Fabrairun 2011, gwamnati ta fito a 2012 da shirin rufe wasu makarantu da haɗe wasu, kuma raguwar ɗalibai na cikin hujjojinta. Duk yaron da aka cire, an rage wa makarantar unguwa nauyi a kan ma'aunin. Abin da ya fi haka ciwo, uban da ya iya rubuta takardar koke, ya san ofishin da ake zuwa, yake iya miƙewa a taron iyaye da malamai ya tambayi inda kuɗin kwanon rufi ya shiga, shi ne na farkon tafiya. Sai a bar zawarawa da marayu da masu aikin ƙarfi, waɗanda sufeto ba ya jin tsoronsu.

Ban ce kowa ya sadaukar da ɗansa ba. Idan ka je ka tarar da aji babu malami har hantsi, ka sake komawa ka tarar haka, ko ginin na barazanar ruftawa, ɗauki ɗanka, haƙƙinsa ne a kanka. Akwai makarantun kuɗi na kirki da suka riƙe yara lokacin da babu ko'ina, sun cancanci godiya. Roƙona kawai a je a gani, a zauna a bayan aji na awa ɗaya, a buɗe littafin wani yaro a duba ko an yi masa gyara da jan biro, kafin a yanke.

Hukumomin ilimi kuma su taimaki iyaye da gaskiya. Kafin zango ya kama, a liƙa a ƙofar kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi, ranar buɗewa da yawan malaman da ke bakin aiki da yawan ajujuwan da suka gyaru. Malaman da suka yi gudun hijira a nemo su a maido da su makarantun da suka bari, a biya su bashin albashinsu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wata malamar firamare mai ritaya