Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Cewa An Saye Masu Binciken Birane

Malam, bayan gaisuwa.

A bainar jama'a ka yi mini tambaya biyu: me ya sa gidauniyoyi ke zuba kuɗi a binciken matsalolin birane maimakon su gina asibitoci, kuma shin ba abin da mai kuɗin ke son ji muke rubutawa ba? Ta biyun ce ta yi mini zafi, domin zargin cin amana ne. Ka shafa wa kowa baƙin fenti ba tare da ka ambaci rahoto ko ɗaya da aka murɗe ba, kuma ina zaton tafin jama'a ka fi nema a kan amsa.

Duk mai son sanin ko an saye bincike, ya nemi takardar yarjejeniyar tallafin. Ya fara duba wa ke da ikon wallafa sakamako. In an rubuta cewa sai mai ba da kuɗi ya amince, aikin ya gurɓata tun ba a fara ba. Yarjejeniyar kirki tana ba shi wa'adi ya karanta ya yi tsokaci, amma ba shi da hurumin goge ko jimla guda. Sannan ya duba ko an yi rajistar tambayoyin binciken da hanyar lissafinsa a inda kowa zai gani kafin a fita tattara bayanai, don kada a sauya ma'auni bayan an hango sakamako. Ɗanyen bayanan kuma, bayan an cire sunaye da adireshi, ya kamata a ajiye su yadda wani masani zai iya maimaita lissafin. Kawo mini rahoton da ya saɓa wa waɗannan, zan riga ka yin tir da shi.

Batun asibiti bai kai a ja shi da nisa ba. A 1907 Gidauniyar Russell Sage ta ɗauki nauyin binciken rayuwar birnin Pittsburgh a Amurka. A cikinsa wata mai bincike, Crystal Eastman, ta ƙirga ma'aikata 526 da suka mutu a bakin aiki cikin shekara guda a gundumar Allegheny, inda birnin yake, ta kuma nuna cewa iyalansu ne aka bari da asarar. A 1915 jihar Pennsylvania, wadda Pittsburgh ke cikinta, ta yi dokar biyan diyya ga ma'aikata. Asibiti yana jinyar wanda ya ji rauni, amma ba zai gaya wa majalisa inda ake jin raunin ba.

Ainihin ciwon, wanda ba ka taɓa ba, shi ne gajen haƙurin masu ba da tallafi. Sau da yawa kuɗin shekara biyu ko uku ne. A yi zagayen farko na tattara bayanai, a horar da masu bi gida-gida, kuɗi ya ƙare, su watse. A unguwannin marasa galihu haya ba ta daɗewa, in babu kasafin bin sawun wanda ya tashi, waɗanda suka fi talauci su ke ɓacewa daga lissafi, sakamakon ya fito ya fi gaskiya kyau. Shi ya sa aikin APHRC, cibiyar binciken al'umma da lafiya ta Afirka, wadda tun 2002 ta fara bibiyar mazauna Korogocho da Viwandani, unguwannin marasa galihu a Nairobi, yake da daraja. Dubi kuma shirin gwamnatin Amurka na 1994 da ya shafi iyalai kimanin 4,600 a birane biyar, inda aka taimaka wa wasunsu su koma unguwanni masu ƙarancin talauci. Nazarin farko bai ga wani ƙarin kuɗin shiga ba. Sai a 2016 aka nuna cewa yaran da suka ƙaura kafin su kai shekara 13 sun girma suna samun kuɗin shiga kusan kashi 31 cikin ɗari fiye da takwarorinsu da ba a ba wannan taimako ba.

Ga kuma kuɗin gudanarwa: haya, wuta, akanta, ajiyar bayanai. Masu tallafi da dama na ƙyashin biyansu, cibiyoyi su yi ta cin bashin kansu. Hukumomin biranen da ya kamata su ɗauki wannan nauyi kuwa, da yawansu rahoton ma ba sa buɗewa. Ina roƙonka, Malam, ka kai musu wannan tambaya da irin ƙarfin muryar da ka kawo mini ita.

Wassalam.