Wasiƙar godiya ga shagon ɗinkin tantin da ya shirya mu zuwa Gashaka

Zuwa ga Alhaji mai shagon ɗinkin tanti da tamfol a Kano, da ƙaninsa Malam mai keke, da duk yaran shago.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya iyali? Mun dawo gida yau mako uku ke nan, mu shida da muka tafi, babu wanda ko mura ta kama. Na so in taka da ƙafata in yi muku godiya, kuma ina nan tafe in sha Allahu, amma abin da kuka yi mana ya wuce a faɗe shi a bakin shago a kama gaba. Shi ya sa na rubuto shi inda jama'a za su gani.

Alhaji zai tuna ranar da na shigo da buhu biyu a hannu. Tantunan da muka saya bara ne. Kwana biyu kacal muka yi a cikinsu a Yankari, muka naɗe su da raɓar asuba a jikinsu, muka jefa a sito, ba mu sake waiwayarsu ba sai da wata tafiyar ta taso. Da yaro ya kwance bakin buhu, wari ya cika shagon. Funfuna ta yi musu baƙi-baƙi, wani wurin kuwa in ka shafa sai ka ji yana danƙo a hannu. Ni a lokacin na riga na yanke shawara, na zo ne in sayi babban tantin nan mai kaurin yadi da ke rataye a bango, wanda ya fi kowanne tsada a shagon. Kuɗin suna aljihuna, kuma kun gani.

Alhaji bai miƙa hannu ba. Tambaya ya fara yi: ina za ku, ku nawa ne, mota za ta kai ku har wurin kwana ko a ka za ku ɗauki kaya? Na ce gandun dajin Gashaka-Gumti muka nufa, can Taraba, muna son hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419, a bakin iyakar Kamaru, kuma tafiyar ƙafa ce ta kwanaki. Sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan na bango ba naku ba ne. Na wanda zai sauke shi daga bayan mota ne ya kafa ya yi wata guda. In kuka ɗauke shi, kafin azahar za ku fara neman inda za ku yar da shi." Ya duba nawa guda biyu, ya ce ɗaya ya mutu, kada in ɓata ko sisi a kansa, ɗayan kuwa yana da sauran rai. Ya haɗa mana da marar nauyi guda ɗaya, mai riga biyu, ta ciki mai gidan sauro da ta waje mai tare ruwa. Abin da na biya duka da gyara bai kai rabin abin da na zo da shi ba. A wannan zamani da kowa ke kuka da kasuwa, ɗan kasuwa ya mayar maka da kuɗinka aljihu saboda ya ga kayan ba za su amfane ka ba, wallahi ban san da wane baki zan gode ba.

Malam mai keke shi ya karɓi mai sauran ran. Na zauna kusa da shi ina kallo. Ya wanke shi da ruwa zalla da soso mai laushi, ya ce kada in kuskura in sa masa omo ko in murza da buroshi, domin su ke cinye maganin da ke hana ruwa shiga. Inda ɓera ya ci ya yanko faci, ya zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago, ya ɗinka, ya bi ɗinkin da gam ta ciki, saboda duk hudar allura ƙofa ce ga ruwa. Zif ɗin da na ɗauka sai an canza shi gaba ɗaya, ashe kansa ne kawai ya buɗe. Ya matse shi kaɗan da filaya, ya goga masa kyandir, sai ga shi yana gudu sumul. Ya canza robar da ke cikin sandunan, sannan ya sa mini guntun bututun ƙarfe a jaka, ya ce in sanda ta karye a daji a zura shi a kan karayar a ɗaure.

Sai abin da ban taɓa ganin an yi a wani shago ba. Alhaji ya ce ba za mu fita da kayan ba sai mun kafa su a gabansa. Washegari muka zo mu uku, aka kai mu filin bayan shago. Sau uku muka kafa muka kwance, na ƙarshen bayan magariba, da fitilar waya kaɗai, domin a cewarsa matafiyi ba ya isa masauki da rana tsaka. A nan muka koyi a share wuri tukuna a tsince ƙaya da tsakuwa. A shimfiɗa leda a ƙasa, amma kada bakinta ya leƙo waje, in ya leƙo shi zai tari ruwan sama ya kai maka har ƙarƙashin bayanka. A rufe zif kafin a buga turaku, in ba haka ba ƙofa ba za ta rufu ba daga baya. Turke kuma ba a miƙe ake buga shi ba, a karkace ne, kansa na kallon nesa da tanti. Ƙofa ta ba iska baya. Ƙaramin yaron shagon nan, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, shi ya koya mini ƙullin da ake ja ya tsuke, a sassauta shi ba tare da an kwance ba. Ya maimaita mini har sau biyar bai nuna gajiya ba. Allah ya yi masa albarka.

Muka kama hanya ta Jalingo da Bali har Serti, inda hedikwatar gandun take. Wuri ne da ya kamata kowane ɗan ƙasar nan ya gani: gandun daji mafi girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, tun 1991 yake ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya. Ma'aikatansa da suka yi mana jagora su ma sun cancanci tasu wasiƙar.

A dare na uku aka gwada aikinku. Ƙarshen watan Maris ne, mu mutanen Kano da a lissafinmu damina na da sauran wata biyu, amma can kan tudu ruwa na riga namu sauka. Da yamma mun sami wani wuri mai laushin yashi a cikin kwari, jiki duk ya mutu, kowa na son ya sauke kaya a nan. Sai na tuna Alhaji yana cewa yashi mai laushi a kwari ruwa ne ya ajiye shi, kuma zai dawo ya duba ajiyarsa. Jagoranmu ma ya ce haka ne. Muka ƙara hawa sama, muka kauce wa wata bishiya mai busasshen reshe, muka kafa. Ƙasar wurin dutse ce, turaku biyu suka ƙi shiga, muka ɗaure igiyoyinsu a manyan duwatsu kamar yadda aka nuna mana. Wajen ƙarfe ɗaya na dare iska ta taso. Ina kwance ina jin sandunan suna lanƙwasa suna dawowa, rigar waje tana bugawa kamar ganga. Da ruwan ya ɗan tsagaita na fita na ƙara jan igiyoyi, domin Malam ya gaya mini irin wannan yadin in ya jiƙa saki yake yi, in kuwa rigar waje ta taɓa ta ciki to ruwa ya sami hanya. Muka wayi gari barguna a bushe. Da muka leƙa kwarin jiya, jan ruwa ne ke gudu a daidai inda muka so kwana.

Sanyin daren ya sa ɗayanmu ya kawo shawarar a shigo da kaskon gawayi. Ban yarda ba, saboda gargaɗin da Alhaji ya fi nanatawa ke nan. Ya ce iskar gawayi ba ta da wari, mutum na barci take ɗauke shi, tanti kuma in ya kama wuta ba ya jiran a kawo ruwa. Har ya tuna mana gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci alhazai sama da 300, abin da ya sa hukumomin Saudiyya suka maye tantunan wurin da waɗanda wuta ba ta kamawa da sauƙi. Muka yi girki a waje, abinci ma a waje muka rataye shi saboda kwarkwasa, kowa kuma ya zazzage takalminsa da safe kafin ya zura ƙafa.

Ranar saukowa dole muka naɗe tantunan a jiƙe. Amma wannan karon ina isa gida, kafin in yi wanka, na baza su a inuwar zaure, ba a rana ba, tunda kun ce rana ita ma cin yadin take yi a hankali. Kwana biyu suna shan iska, na juya su ciki da waje, na kakkaɓe yashin zif, na goge laka daga turaku na ƙirga su. Yanzu suna cikin buhu mai faɗi, a sake, rataye a ƙusa inda gara da ɓera ba za su kai ba.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a cikin wannan sana'a, ya raya zuri'a. Malam, Allah ya ƙara wa ido haske da hannu ƙarfi. Turke ɗaya ya lanƙwashe, akwai kuma wata 'yar huda kusa da ƙofar tsohon tantin da nake so Malam ya duba. Zan zo da su ranar Asabar bayan la'asar, tare da ganyen shayin Mambila da muka sayo muku tsaraba.

Wassalam.

Naku mai godiya,
ɗaya daga cikin matafiya shida.