Sanarwa ga masu tafiya Umara daga Abuja

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan'uwa. Tambayar tsawon tafiya ta yi yawa, bari a amsa gaba ɗaya.

Daga Abuja zuwa Jidda ta sama kusan kilomita 3,700 ne. In jirgi ya miƙe bai tsaya ko'ina ba, awa 5 ne ko sama da haka kaɗan. Masu bi ta Alƙahira ko Adis Ababa kuwa su ɗaure ɗamara, jiran canjin jirgi yakan cinye wuni.

Agogon Saudiyya na gaba da namu da awa 2. Wanda ya tashi 10 na safe zai sauka wajen 5 na yamma a agogon can, kada mutanen gida su tada hankali.

Maza, a sa harami a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba, domin a sama ake ƙetare miƙati. Ni a ganina gara a ɗaura tun a filin jirgi, banɗakin jirgi ko juyawa da ƙyar.

A baro gida da wuri, kun san cunkoson hanyar Lugbe. Allah Ya kai mu lafiya.