Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan tukunyar da zai ɗora

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina, kuma sanyin Mancesta ta Ingila bai takura muku ba. Mu nan Kaduna lafiya lau, sai godiyar Ubangiji.

Saƙonka ya iso, na kuma duba hotunan tukunya da bokitin da ka saya. Ka ce kana so ka dafa lita 20 na giyar nan da Turawa ke kira IPA, mai ƙarfi, wadda barasarta za ta kai kashi 8 cikin 100. Mamarka ba ta ji daɗin labarin ba, kuma zan zo kan maganarta, domin akwai gaskiya a ciki. Amma tunda ka tambaye ni a matsayin wanda ya ci abinci a ɗakin gwaje-gwajen masana'antar giya har ya yi ritaya, bari in fara ba ka amsar aiki.

Ga abin da ya tsaya mini a rai cikin jerin kayan da ka turo. Furen hof, mai ba giya ɗaci da ƙanshi, ka rubuta shi dalla-dalla, Cascade giram kaza, Citra giram kaza, da mintin da za ka zuba kowanne. Da ka zo kan yisti sai ka rubuta fakiti ɗaya, ka wuce. To, nan ne giyarka za ta gyaru ko ta lalace. Abin da za ka sauke daga wuta ruwan tsiro ne kawai, mai zaƙi da ɗaci. Wanda zai mai da shi giya wata halitta ce mai rai wadda ido ba ya gani. Louis Pasteur ne ya nuna haka a Faransa tun 1857, sannan a 1883 Emil Hansen ya ware tsantsar iri ɗaya na yisti a masana'antar Carlsberg ta Denmak. Kakarka da ke dafa burukutu ba ta taɓa jin sunayensu ba, amma ba ta ɗora sabuwar tukunya sai ta ajiye ragowar tsohuwa da za ta tayar da ita. Ka ɗauki yisti kamar dabbar kiwo: tana son yawan 'yan'uwa, da abinci daidai, da wurin kwana marar zafi marar sanyi, in kuwa ka wahalar da ita za ka gani a nononta.

Fara da yawa. Giya mai ƙarfi irin taka tana farawa da kauri kusan 1.075 a haidromita, ma'aunin da ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwan. Sukari mai yawa haka nauyi ne a kan yisti tun daga farko, kuma barasar da yake fitarwa tana ƙara gajiyar da shi a ƙarshe. Lita 20 a wannan kauri na buƙatar ƙwayoyin yisti sama da biliyan 270. Fakiti ɗaya na busasshe, mai giram 11.5 irin US-05 da ka ambata, ya yi kaɗan. Sa biyu. Kuɗin fakiti na biyu bai kai rabin abin da ka kashe wa hof ba. In na ruwa ka saya, duba kwanan watan da ke jikinsa, ka kuma tayar da shi kwana biyu kafin ranar girki, cikin lita ɗaya ko biyu na ruwan da ka tafasa da garin zaƙin da aka tatso daga tsiron sha'ir (malt extract), giram 100 ga kowace lita.

Tafasa tana korar iskar oksijin daga ruwa, yisti kuwa yana buƙatarta don ya hayayyafa. Saboda haka in ruwan tsiro ya huce ya sauko digiri 18, rufe bokitin ka girgiza shi sosai na 'yan mintoci, sannan ka zuba yisti. Wannan ne karo na ƙarshe da iska take da amfani. Daga nan gaba abokiyar gaba ce.

Yanzu zafi, wanda a kansa nake so ka fi natsuwa. A nan Kaduna, a watan Maris da Afrilu, duk ƙarfin injin sanyaya a kan tankunan da yisti ke aiki a ciki yake ƙarewa, kuma ma'aunin zafi ne abin da muke fara dubawa in mun karɓi aiki. Kai a can za ka ce ai ƙasar sanyi ce, ba ka da damuwa. Kana da ita. Gidajenku akwai na'urar ɗumama ɗaki da ke kunnuwa da yamma ta mutu da dare, gareji kuma sanyinsa ya wuce kima. Yistin irin wannan giya yana son digiri 18 zuwa 19 a kwana uku na farko, kuma ba ya son hawa da sauka. Abin da sababbin hannu ba sa lura da shi shi ne yisti da kansa yana fitar da zafi. In ɗakin yana 20, cikin bokitin zai iya kai 23 ko 24 a lokacin da aiki ya kankama. A wannan zafi yakan yi gaggawa, ya fitar da wasu nau'o'in barasa masu nauyi da ke ƙona maƙogwaro, masu wari kamar na man goge farce. In suka shiga ba sa fita, ko ka ajiye giyar wata nawa. Don haka kada ka auna iskar ɗaki. Manna ma'aunin a jikin bokitin, ka rufe shi da ɗan soso ko tsumma. In za ka iya samun tsohon firji da ɗan na'urar da ke kunna shi tana kashewa bisa zafi, ka gama da wannan matsala. In babu, sa bokitin cikin baho mai ruwa, ka riƙa jefa gorar ƙanƙara safe da yamma. Sanyi ma yana da nasa sharri: ƙasa da digiri 15 yisti yakan yi nauyin jiki, wani lokaci ya kwanta bai gama ba, ya bar maka giya mai zaƙi da danƙo.

Ka bar wa kumfa wuri. Giya mai ƙarfi tana tashi da ƙarfi, takan toshe ɗan makullin iskar da ke kan murfi. Sa tiyo daga murfin zuwa cikin kwalbar ruwa a kwanakin farko.

In kumfa ta fara faɗuwa, wajen kwana na huɗu ko na biyar, bar zafin ya hau zuwa 21. A farkon aikinsa yisti yana zubar da wasu sinadarai, ɗaya mai ƙanshin man shanu, ɗaya mai warin ɗanyen tuffa, kuma shi ne ke komawa ya shanye su in an ba shi ɗumi da lokaci. Wanda ya yi saurin raba giya da yistinta ya hana shi wannan shara.

Kada ka yarda da ƙwal-ƙwal ɗin makullin iska. Murfi yana iya yoyo, sanyi yana iya tsai da kumfa alhali sukari na nan. Haidromita kaɗai ke faɗin gaskiya. Kana neman ta sauko wajen 1.012, kuma ta ba ka lamba ɗaya yau da bayan kwana uku. Lissafin barasa mai sauƙi ne: cire ta ƙarshe daga ta farko ka ninka da 131. Daga 1.075 zuwa 1.012 ya ba ka kashi 8 da ɗan ɗoriya. Don ta sauko haka, jiƙa tsironka a digiri 64 zuwa 65, ka kuma sa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na zaƙin ya fito daga farin sukari, wanda yisti ke cinyewa ƙarƙaf. Giya mai hof da yawa in ta yi zaƙi ba ta shiga.

A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya, masana'antu suka koma ga dawa da masara. Dawa ba ta sakin zaƙinta da sauƙi kamar sha'ir, sai da muka koyi aiki da sinadaran da ke farfasa sitaci su mai da shi sukari. Na kawo wannan ne don furen hof ma yana ɗauke da irin waɗannan sinadarai, kaɗan. In ka zuba shi ɗanye cikin giyar da ta gama tashi don ƙanshi, yakan farfasa ragowar sitacin da yisti ya kasa ci, sai yisti ya farka ya ci gaba da aiki a ɓoye. In hakan ya faru bayan ka rufe kwalabe, gas zai taru, kwalba tana iya fashewa, ƙanshin man shanu kuma ya dawo. Saboda haka bayan ka zuba hof na ƙanshi, ba shi kwana uku ko huɗu, sake aunawa, kuma kada ka ɗura sai lamba ta tsaya cak. Buɗe murfin sau ɗaya, da sauri. Wajen ɗurawa ma tiyo ya kai gindin kwalba, ban da fantsama. Iska tana mai da ƙanshin mangwaro da lemo na hof da ka biya kuɗi dominsa ya koma warin jiƙaƙƙen kwali, launin ma ya dushe. Sukarin da za ka ƙara wajen ɗurawa don ya ba da gas kada ya wuce giram 5 zuwa 6 a lita, a auna da sikeli. Kwalabe masu ruwan ƙasa za ka nema, domin haske yana ɓata hof.

Ruwa kuma, garin Burton na Ingila da ya yi suna da wannan giya tun ƙarni na 19 ruwansa cike yake da wani gishirin ƙasa mai suna jifsam, shi ke fito da ɗacin hof tas. Ruwan Mancesta daga tafkunan arewa yake zuwa, ba shi da gishirin ƙasa sosai, don haka ƙara ɗan jifsam, ka kuma jefa rabin ƙwayar maganin da ake kira Campden don kashe kulorin da ke cikin ruwan famfo. Tsabta ba sai na tsawaita ba, ka taso ka ga yadda nake: duk abin da zai taɓa ruwan bayan ya huce, har cokali da hannunka, sai an wanke an kashe ƙwayoyin cuta.

To, maganar mamarka. Dokar Ingila ta yarda mutum ya dafa giya a gidansa ba lasisi tun 1963, amma ba ta yarda ka sayar ba, ba ta kuma yarda ka tace ta zuwa ogogoro ba. Wannan na hukuma ne. Nawa da na mamarka ya fi shi nauyi. Likitocin ƙasar suna ba da shawarar kada mutum ya wuce awo 14 na barasa a mako. Babban kofinsu na mililita 568, in giyar kashi 8 ce, awo huɗu da rabi ne. Kofi uku sun kusa cinye makon gaba ɗaya. Ga shi ƙanshin hof yana ɓoye ƙarfinta, ga lita 20 a ƙarƙashin bene ba mai ƙirga maka. Na yi aiki da mutane masu basira waɗanda abin da suke dafawa ya ci su, na je jana'izar wasunsu, kuma babu wanda ya fara da niyyar haka. Ka san abin da Afisawa 5:18 ta Littafi Mai Tsarki ta ce game da buguwa. Nemi ƙananan kwalabe masu mililita 330, ka sha ɗaya da abinci, sauran ka raba wa waɗanda ka san suna sha. In ka sha, makullin mota ya zauna a aljihun maiɗakinka. In kuma ita ta ce maka abin ya fara yawa, ka saurare ta a karon farko.

Abokanka Musulmi da kuka taso tare, da waɗanda ke zuwa gidanka a can, kada ka miƙa musu ko da wasa, kada ka sa ta cikin girkin da za su ci, kuma ka ware musu kofuna. A dafa musu zoɓo da citta. Zumuncinmu da gidajensu ya girme ka. Ranar girki kuma yara su yi nesa da kicin, lita 20 na tafasasshen ruwa mai sukari ba abin wasa ba ne, kwalaben kuma a sa su cikin akwati mai murfi inda hannunsu ba ya kai.

Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, da kauri, da zafin safe da na yamma. In ka zuba yisti, turo mini lambar farko da hoton ma'aunin zafi, sannan ka sake turowa a kwana na uku, mu duba tare kafin ka taɓa murfin.

Mamarka tana gaishe ku, ta ce ka kira ta ranar Lahadi bayan sujada. Ka shafa mini kan yaran. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ne,
Babanka