Ɗana ya daina dariya a gaban allon ches

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, shawara nake nema kan ɗana mai shekara 10. Yana ɗan shekara 5 na koya masa ches, darar Turawan nan mai gida 64. Ba a rufa shekara biyu ba ya fara cinye ni, ni da na nuna masa yadda doki ke tsalle. Tun ranar na ƙudura a raina sai ya zama zakara.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne labarin Laszlo Polgar na ƙasar Hangari, wanda ya horar da 'ya'yansa mata uku a gida, har autarsu Judit ta kai matsayin giranmasta, wato babban gwanin ches, a 1991 tana shekara 15. Ga kuma Gukesh na Indiya, wanda mahaifinsa likita ya ajiye aiki don raka shi gasa, ya zama zakaran duniya a 2024 yana shekara 18. Sai na ɗaukar wa nawa mai horarwa ta intanet, na yanka masa awa huɗu kullum bayan makaranta. Ƙwallo da zuwa gidan abokai duk na soke. Hukumar ches ta duniya, FIDE, galibi ba ta ba da matsayin giranmasta sai mutum ya kai maki 2500 a ma'aunin ƙwarewa, kuma kullum lissafin da ke kaina ke nan.

A gasar watan jiya wasa na hannunsa, lokaci ya kusa ƙare masa, ya yi gaggawa ya ajiye sarauniya inda dokin abokin karawarsa ya cinye ta. Malama, bai ko kalli allon ba. Ni ya waiwayo yana nema da ido cikin iyayen da ke tsaye. A hanyar komawa gida bai yi kuka ba, cewa kawai ya yi, "Baba, ka yi haƙuri, na sa ka yi asara."

Bayan kwana biyu na jiyo shi da ƙanwarsa suna wasa da wasu dokokin da suka ƙirƙira, sojoji na ja da baya, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ina leƙawa ya yi tsit, ya shiga gyara 'ya'yan wasan. Daren nan ban runtsa ba.

Mahaifiyarsa ta ce in sassauta masa. Mai horarwa kuwa ya ce yanzu ne lokacin, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, har ya kawo shawarar a rage masa zuwa makaranta. Yaron yana da baiwa, wannan ba son kai ba ne, kuma ina tsoron ya girma ya ce na bar ta ta lalace.

In na tambaye shi ko yana son wasan, zai ce min e, don ya san abin da nake so in ji ke nan. Ta yaya zan gane gaskiyar abin da ke ransa? Kuma in na rage masa horon yanzu, ba zai ɗauka don ya faɗi ne na fitar da rai da shi ba?

Na gode.

Naki,
Mahaifin yaro