Jidda Ba Filin Jirgi Da Kasuwa Ba Ce Kawai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da kamfanonin da ke kai mutane Umra da Hajji, da kuma su kansu maniyyata, game da birnin Jidda.

Mafi yawan waɗanda suka sauke farali sun taka Jidda. Amma ka tambayi mutum me ya gani, zai ce maka filin jirgi da rumfunan nan masu rufin tanti inda aka yi ta jiran awon kaya, sai kantunan da aka kai su sayen tsaraba. Shi ke nan. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin Jidda ita ce ƙofar Makka ta ɓangaren teku tun shekara ta 26 bayan Hijira, lokacin da Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka. Kakanninmu da suka tafi a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, wasu suna noma da ƙodago a hanya shekara da shekaru kafin su isa Sawakin su hau jirgin ruwa, a Jidda suka fara sa ƙafa a ƙasar Hijaz. Garin da suka sauka a cikinsa yana nan bai ɓace ba. Shi ake kira Al-Balad, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Duk wanda ya shiga lungunan Al-Balad bayan la'asar, ina ba shi shawara ya tsaya ya taɓa bangon gida ɗaya. Da dutsen murjani aka gina shi, wanda ake haƙowa a bakin Bahar Maliya, kuma idan ka duba da kyau a inda yaɓe ya ɓanɓare za ka ga ƴan ramuka da sawun halittun ruwa a jikinsa. Dutsen ba shi da ƙarfi sosai, shi ya sa magina ke shimfiɗa azarori a kwance tsakanin layukan gini don nauyi ya rarrabu. Da wannan dabara suka ɗaga gidaje hawa huɗu, hawa biyar, babu siminti babu rodi. Sai ka ɗaga kai ka ga rawashin, tagogin katakon nan da suka turo waje daga jikin bango, an sassaƙa su raga-raga. Iskar teku tana shiga ta cikinsu ta sanyaya ɗaki, mutanen gida suna ganin titi, na titi ba ya ganinsu. Katakon ma baƙo ne, jiragen fatake ne ke kawo shi daga Indiya da tsibiran gabas. Garin ya bunƙasa sosai bayan an buɗe mashigin ruwa na Suwez a 1869, kuma da yawan manyan gidajen da ake gani yau na attajiran wancan zamani ne.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai shi ne Gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881. A nan Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, ya sauka da ya shiga Jidda a 1925. Matakalarsa faffaɗa ce, hawanta kuma a kwance-kwance yake, har ana cewa raƙumi na iya hawa da kaya zuwa sama. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar darbejiya, wadda mutanen gari ke cewa an daɗe ita kaɗai ce bishiya a cikin birnin saboda tsananin ƙarancin ruwa. Na zauna a inuwarta ina tunanin yadda garin da ba shi da kogi ya ɗauki ɗawainiyar shayar da dubban alhazai kowace shekara. Ba nisa da nan akwai Masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, da tsohuwar hasumiyarsa, ana kuma salla a cikinsa har yau. Kasuwar Alawi ta ratsa tsakiyar garin, ta miƙe wajen Ƙofar Makka, inda ayarin alhazai ke fita su nufi gabas. Ganuwar da aka gina a farkon ƙarni na 16 don tare Turawan Fotugal an rushe ta a 1947, amma wuraren ƙofofin sanannu ne.

Bakin tekun da ake kira Kornish shi ma yana da kyau, musamman ga mai iyali. Akwai Masallacin Rahma da aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa, akwai kuma maɓulɓular Sarki Fahad wadda tun 1985 take cilla ruwan teku sama fiye da mita 250. A je a gani da daddare in an kunna fitilu. Sai dai a ganina wannan kallo ne na ɗan lokaci, ba ya kama ƙafar tsohon gari.

Na san abin da wasu za su ce: ibada muka je yi, ba yawon buɗe ido ba. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a rage ko raka'a ɗaya a Harami saboda Jidda. Maganata a kan ranar dawowa ce, bayan an gama ibada. Na ga yadda wani kamfani ya kwaso mu daga Makka da sassafe alhali jirginmu sai tsakar dare, ya zube mu a wani katafaren kanti, tsofaffi suna zaune a kan akwatuna har rana ta faɗi. Wannan lokacin da aka ɓata ya isa a zaga Al-Balad a natse, a yi sallar magariba a Masallacin Shafi'i, a wuce filin jirgi ba tare da gaggawa ba. Ga mai tafiyar kansa ma abin ya fi sauƙi, tunda jirgin ƙasa na Haramaini da ya fara aiki a 2018 yana tsayawa a Jidda.

Abu ɗaya nake so a kiyaye. Akwai maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u a kusa da tsohon garin. Zance ne na mutanen da, babu ingantacciyar hujja a kansa, kuma hukuma ta daɗe da shafe alamar kabarin. Kada jagora ya ruɗi mutane da sunan neman tubarraki a can.

Roƙona ga kamfanoni shi ne su sa wannan zagaye cikin tsarin tafiya tun daga gida, su samo jagora mai jin Hausa da Larabci wanda ya san tarihin wurin, su bincika tun da wuri gidajen da ke buɗe domin ana ta aikin gyaran wasu, su kuma tabbatar bizar mutanensu ta ba da izinin hakan. A tanadi ruwan sha da kujerar guragu saboda dattawa, don zafin Jidda mai gumi ne, lungunan kuma mota ba ta shiga yawancinsu. Su kuma maniyyata, su riƙa tambayar wannan tun kafin su biya kuɗi.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum