A bambanta mai ajiye mota da mai ajiye kaya wajen yanke kuɗin hayar gareji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ga bai taka kara ya karya ba, amma ya hana mazauna rukunin gidajen gwamnati da nake zaune a cikinsa a nan Zariya sakat, wato sabon kuɗin hayar gareji da na filin ajiye motoci.

Ni ɗan fansho ne, kuma na haura shekara 20 a wannan gida. A bayan layinmu akwai jerin gareji 12 da aka gina tare da gidajen. A farkon watan nan muka wayi gari muka tarar an manna takarda a ƙofar kowanne, ana sanar da mu cewa haya ta tashi daga naira 12,000 zuwa naira 36,000 a shekara, kuma duk wanda bai biya ba kafin ƙarshen wata za a fasa kwaɗonsa a ba wani. Ba a kira taro ba, ba a tuntuɓi shugabannin ƙungiyar mazauna ba, takardar kuma ba ta nuna lissafin da aka bi aka kai ga wannan adadi ba. Da na je ofis neman bayani, akawun da na samu ya ce da ni, “Baba, umarni ne daga sama,” ya koma kan aikinsa.

Gaskiya ɗaya ce, tsohon farashin ya daɗe da zama abin dariya, kuma ba zan ɓoye wannan don ina cikin masu biya ba. Naira 1,000 a wata ba ta sayen ko rubu'in buhun siminti a yau. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu abin da bai tashi ba, kuma mafi ƙarancin albashi na ƙasa da kansa ya tashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a 2024. Saboda haka ƙarin ba ya cikin abin da nake ƙorafi a kai. Abin da ya dame ni shi ne an yi wa kowa kuɗin goro, alhali waɗanda ke riƙe da makullan nan ba abu ɗaya suke yi da su ba.

A cikin garejin nan 12, huɗu ne kaɗai mota ke kwana a ciki. Sauran takwas sun daɗe da zama sito. Waɗanda aka ba su tun asali sun bayar da su haya ga 'yan kasuwa daga Sabon Gari da Tudun Wada, waɗanda ke jibge buhunan masara da kaka, takin zamani gab da damina, da katan-katan na kayan masarufi a kowane lokaci. Akwai wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Kaduna shekaru da dama da suka wuce, ya bar gidan, amma har gobe makullin gareji yana hannunsa, kuma abin da ɗan kasuwa ke ba shi a wata biyu ya fi abin da yake biyan gwamnati a shekara. Irin wannan mutum ko a jikinsa, zai biya sabon kuɗin ya ɗora wa ɗan kasuwa, shi kuma ya ɗora wa mai saye. Wadda za ta ji jiki ita ce maƙwabciyata, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar mota, wadda ɗanta ke kai ta asibitin koyarwa na Shika da ita duk wata. Idan ta kasa biya aka fasa kwaɗonta, kowa a layin nan ya san buhuna ne za su maye gurbin motar kafin mako ya zagayo.

Su kuma mazaunan da suka sayi mota daga baya, ba su da inda za su saka ta. Akwai wani malamin makaranta a layinmu da ke ajiye tasa a gindin darbejiya, kuma tun da aka sace masa batir sau biyu, kullum bayan sallar isha'i sai ka gan shi da sifana da tocilan a baki yana kwance batir, ya rungume shi zuwa ɗaki, da asuba ya mayar. Taku goma ne tsakanin motarsa da garejin da ɓeraye ke shagali a cikin masara.

Ƙanina da ke aiki a Ingila ya bayyana mini yadda ƙananan hukumomin can ke tafiyar da irin wannan. Kuɗin gareji daban yake da kuɗin hayar gida, ana duba shi shekara-shekara, akwai jerin masu jiran layi, kuma galibi wanda ke zaune a gidan hukuma ake fara ba. Wanda ba ɗan hayar hukumar ba ne, ana ɗora masa harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin. Na san tsarinmu ba irin nasu ba ne, domin a nan yawancin irin waɗannan gidaje na jiha ne ko na tarayya, amma ƙirga gareji da sanin abin da ke cikin kowanne ba ya buƙatar komai sai ma'aikaci ɗaya da littafi da yini guda.

Da an yi wannan ƙidaya, da an yanke farashi biyu: mai sauƙi ga mazaunin da ke ajiye motarsa, da kuma na kasuwa ga wanda ya mayar da wurin sito, wanda za a auna da abin da ake biyan sito mai irin wannan girma a gari, ɗan kasuwan ya biya gwamnati kai tsaye ba ta hannun ɗan tsakiya ba. Na tabbata abin da zai shiga asusu ta wannan hanya zai fi abin da ake sa rai yanzu. Ya kamata kuma a duba halin da ginin ke ciki. An gina su ne a zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shi ya sa manyan motocin yanzu da ƙyar ake buɗe ƙofarsu a ciki. Nawa garejin yoyo yake yi, har da kuɗin aljihuna na sayi kwano falle shida na sa kafinta ya canza a daminar bara, kuma ban ga dalilin da zai sa a yanka mini daidai da wanda rufinsa ke lafiya lau ba.

Sai batun filin da ke bakin ƙofar shiga, inda masu Keke Napep ke ajiye kekunansu su kwana. Wasu samari ne ke karɓar kuɗin kwana a hannu kowane dare, ba rasit, kuma idan ka tambaye su wa ya sa su, kowa da amsar da zai ba ka. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da tashoshin mota a kan ƙananan hukumomi, dokar haraji ta Jihar Kaduna ta 2016 kuwa ta hana karɓar kuɗin gwamnati a hannu. Muna son a fito a gaya mana ko filin na hukumar gidajen ne ko na ƙaramar hukuma, a kafa allo mai ɗauke da farashi, a kuma ɗauki mai gadi daga cikin abin da ake tarawa.

Ni dai zan lallaɓa in biya nawa ta banki in adana takardar shaida. Roƙona ga hukumar da abin ya shafa shi ne ta dakatar da fasa kwaɗo har sai ta turo wanda zai buɗe gareji 12 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya a gaban shugabannin mazauna, ta kuma zauna da mu kafin wa'adin ƙarshen wata ya cika.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan fansho, Zariya